Za a gyara filin unguwarmu, amma mu huɗu kacal muka je taron

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Agege. Tun ranar Asabar maganar nan take ci mini rai, na ga gara in amayar da ita kowa ya ji.

Duk wanda ya san layinmu ya san ɗan filin nan na bayan masallaci. Ba wani babban wuri ba ne. Darbejiya biyu, tsohon mangwaro ɗaya, bencin siminti da ya dare gida biyu, sai fegin da yara ke buga ƙwallo, sun dasa duwatsu a madadin raga. A nan na koyi tuƙa keke, yau kuma 'ya'yana ke wasa a wurin. Da la'asar dattawa na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron, masu ruwa na jingine kurarsu su ɗan miƙe ƙafa, da magariba mai shayi ya kunna wuta.

To ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, ta ce an samu hanyar gyara filin, ta kira taro don jin ra'ayin jama'a. Na je. Mun kusa mutum 40 a ƙarƙashin rumfa, amma Hausawa mu huɗu ne, babu mace ko ɗaya a cikinmu. Alhali duk wanda ya leƙa filin nan da yamma ya san 'ya'yan wa suka fi yawa a ciki.

An zagaya da zanen da wani ya yi. Daɓen intalok daga wannan bango zuwa wancan, katangar ƙarfe da ƙofar da za a riƙa kullewa, fulawoyi a gefe, mangwaron kuma babu shi, an ce saiwarsa za ta fasa daɓe. Ban zargi kowa da mugun nufi ba. Wanda ya zana, abin da yake gani a manyan wuraren shaƙatawa ya kwaikwayo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa masu ɗakin muna kasuwa.

Ni a ganina farkon abin da filin nan ke buƙata magudanar ruwa ce. Daga Afrilu zuwa Yuli, sannan a Satumba da Oktoba, kowa ya san yadda saman Legas ke ɓallewa. Kwatar da ke gefen filin ta toshe da ledar fiya wata da yashi. Yanzu ƙasar filin ce ke shanye rabin ruwan, shi ya sa yake ɗan jinkiri kafin ya shiga gidaje. Ranar da aka rufe ƙasar nan da daɓe ba a buɗe wa ruwa hanya ba, gidajen da ke gangare za su sha shi. Na ga Gwaggona bara tsakar dare, zani ɗaure a ƙirji, tana kwashe ruwa da roba daga ɗakinta, katifa a jingine da bango. Ita fulawa ba ta dame ta ba.

Sai inuwa. Mangwaron nan ya girme ni. A garin da gwamnati da kanta ta ware 14 ga Yuli na kowace shekara a matsayin ranar dashen itatuwa, ban ga dalilin da za mu sare wanda ya riga ya girma don mu dasa wanda sai bayan shekara 10 zai yi inuwa ba. A zagaye gindinsa da benci, a bar masa ƙasarsa.

Wani zai ce ai Legas na da wuraren shaƙatawa. Gaskiya ne. Tun zamanin tsohon gwamna Fashola aka kafa LASPARK, hukumar kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar, akwai lambun JJT da na Ndubuisi Kanu a Alausa, akwai Muri Okunola a Victoria Island, akwai Freedom Park da aka buɗe a 2010 a inda tsohon gidan yarin Turawa yake a Broad Street. Wurare ne masu kyau, na kai yarana. Amma sai da Sallah. Wa zai kwashi yara biyar a mota kullum, da tsadar kuɗin mota da cunkoson hanya? Yaron da ke kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa da ƙannensa, filin da zai taka da ƙafa bayan Islamiyya shi ne nasa.

Bayan taron na samu Baba mai shayi yana wanke kofuna, na ce, "Baba, me ya hana ku zuwa?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, duk ranar da na ji an ce gyara a garin nan, kayana nake fara ɗaurewa." Ban iya ce masa komai ba. A Legas kalmar gyara ta sha zuwa tare da katafila, kuma wanda ya ga yadda hana acaba a 2022 ya watsa rayuwar samarinmu da yawa ba zai ga laifin mai jin tsoro ba. Ga kuma matsalar harshe: sanarwar da Turanci aka tura ta a WhatsApp, taron kuma rabi Yarbanci rabi Turanci.

Amma akwai laifinmu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Wannan magana ta "mu baƙi ne, ba ruwanmu" ta ishe ni. Kakanninmu sun zo Agege fataucin goro, jirgin ƙasa ya ƙara kawo wasu, an kafa Zango, yau sama da shekara 100 ke nan. Muna biyan haya, muna biyan kuɗin shara, muna biyan kuɗin 'yan sintiri. A nan ake haifarmu, a nan ake binne mu. In an zo karɓar kuɗi ana samunmu a gida, me ya sa in an zo yanke shawara ba a ganinmu?

Kuma wallahi da muka yi magana an saurare mu. Da na kawo zancen kwata, wata dattijuwa Bayarabiya da ke sayar da kayan miya ta miƙe ta mara mini baya, don shagonta ma ruwan yake shiga. Nan take aka amince a sake zama kafin a taɓa komai.

Iyayenmu mata nake so a fi ji. Da na tambayi Gwaggo me take so, ba ta yi dogon tunani ba: fitilar sola don 'yan mata masu dawowa daga makarantar dare, famfo, da banɗaki mai tsabta. Babu ko ɗaya cikin ukun nan a zanen. Ni zan ƙara da cewa kada a sa kuɗin shiga, a bar wa yara fegin ƙwallonsu, a ware wa mai shayi gefe da sharaɗin tsabta, a kuma faɗa mana tun yanzu wa zai riƙa share wurin da gyara fitila in ta mutu, da kuɗin wa.

An sa zama na gaba Asabar ta sama, ƙarfe goma na safe, a cikin filin. Na roƙi Liman ya sanar bayan sallar Juma'a. Wanda ba ya jin Yarbanci ko Turanci ya zauna kusa da ni, zan fassara masa, ya faɗi tasa da Hausa in mayar. Matan da ba za su samu fitowa ba su ba Gwaggo saƙo, ta ce za ta je. Baba mai shayi ma ya ce zai rufe tebur na awa ɗaya.