Rashin barci ba hujjar ajiye maganin damuwa ba ne

Wallahi shawarar da aka ba wata baiwar Allah ta ɓata min rai. Mace ta ce kwana 5 da fara maganin ciwon damuwa barci ya ƙaurace mata, sai aka yi mata caa: "Ki ajiye shi, bai karɓe ki ba." Da wane ilimi? Ranar da ciwon ya dawo ya kwantar da ita, cikin masu wannan maganar babu wanda zai zo ya zauna da ita.

Ba a ajiye maganin nan da ka. Magungunan damuwa irin su fluoxetine, sertraline, escitalopram da venlafaxine duk an san suna iya hana barci a farkon sha, kafin ƙwaƙwalwa ta saba da canjin sinadarin serotonin. Yawanci abin yana lafawa cikin mako 1 zuwa 2, amfanin maganin kuwa sai mako 2 zuwa 4 yake fara bayyana. Kun ga ke nan mai kwana 5 tana wuri mafi wuya: wahalar ta iso, sauƙin yana hanya. A nan za a ce ta juya?

Tambayar da ya kamata a fara yi mata ita ce: ƙarfe nawa kike sha? Da yawa suna haɗiyar fluoxetine da dare saboda lokacin suke tunawa, alhali magani ne mai wartsakarwa, da safe ya fi dacewa. Mirtazapine, amitriptyline da trazodone su ne masu saukar da jiki, su ake sha dab da kwanciya. Gyara lokacin kaɗai yakan isa. Amma a tambayi likita ko mai harhaɗa magani yadda za a sauya, kada a sha ƙwaya biyu a rana ɗaya.

Sai kofi, shayi da lemon ƙara kuzari. Bayan awa 5 kusan rabin kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikinsu, yana nan a jini, don haka daga rana tsaka a haƙura. A riƙe lokacin tashi guda ɗaya ko da daren bai yi daɗi ba, barcin rana kada ya wuce minti 30. In an yi kamar minti 20 ana juyi ido biyu, a sauka daga gadon a zauna cikin haske kaɗan, ban da waya, sai gyangyaɗi ya zo a koma.

Na san za a ce ai rashin barci ma ciwo ne. Ƙwarai kuwa, babu mai raina shi. Shi ya sa in ya haura mako 2 ake komawa wurin likita: ya rage ƙarfin maganin, ya canza shi, ko ya ƙara wani na dare. Duk wannan aikinsa ne. Wanda ya yi watanni yana sha ya yanke shi farat ɗaya, abin da ke jiransa jiri ne, tashin zuciya, mafarkai masu firgitarwa, jin kamar lantarki na fizgar kai, da rashin barcin da ya gudu dominsa. Paroxetine da venlafaxine sun fi yin haka saboda saurin fita daga jiki.

Akwai alamun da ba a jira musu mako 2. Mutum yana barcin awa 2 ko 3 amma ƙarfi ya cika shi, magana ba birki, kashe kuɗi ba lissafi. Ko ya kasa zama wuri ɗaya. Ko tunanin kashe kansa ya fara zuwa masa, musamman ɗan ƙasa da shekara 25. Wannan a ranar ake zuwa asibiti, kuma don Allah wani ya raka shi.

Masu cewa a haɗa da diazepam, ƙwayar nan mai sa barci, kuma, ku ji tsoron Allah. Cikin 'yan makonni jiki ke kamuwa da shi, fitarsa ta fi shigarsa wuya. Tramadol ma ya fi tsorata ni, don mutane na ganinsa maganin ciwon jiki kawai. Haɗa shi da sertraline ko fluoxetine na iya kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa, har da jijjiga. Duk mai sayar da magani da zai miƙa tramadol bai tambayi me kake sha ba, bai kyauta ba.