Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Tun jiya abin nan yake cina. Wani bawan Allah ya shigo ƙarƙashin maganar da na yi kan cinikin Oxford Ionics, kamfanin Ingila mai ƙera kwamfutar kwantom (irin wadda ke lissafi da ƙwayoyin zarra), wai ga irin albarkar da ake samu idan gwamnati ta tsame hannunta ta bar 'yan kasuwa su yi abinsu. Sannu da ƙoƙari, Farfesa. Allah ya ƙara basira.

Tsame hannu kuma? Wannan kamfanin da takwaransa IonQ na Amurka ya saya a 2025 kan dala biliyan 1.075, a wace kasuwa aka haife shi? A sashen fiziks na Jami'ar Oxford aka yanke masa cibiya. Chris Ballance da Tom Harty, da suka kafa shi a 2019, a can suka yi digirin digirgir. Tun 2014 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 270 don fasahar kwantom, Oxford ɗin kuma tana cikin jami'o'in da aka damƙa wa jagorancin aikin. Da jaririn ya fara rarrafe ma, cibiyar gwamnati ta kwamfutar kwantom da ke Harwell ta ba shi kwangila a 2024, shi da wasu kamfanoni shida, a kan fam miliyan 30. Wato gwamnati ce ta yi goyon, ita ta yi yaye, ita ta zo ta yi ciniki a shagon yaron don kada ya karaya.

Shi kansa mai sayen fa? Chris Monroe, ɗaya daga waɗanda suka kafa IonQ, a ma'aikatar gwamnatin Amurka ta NIST ya yi gwajin da ya fito da shi, shi da David Wineland, a 1995. Ku dubi irin aikin: ƙwayar zarra guda ɗaya tal, a tsare ta da ƙarfin lantarki cikin wani ɗan akwati da aka zuƙe wa iska, a sanyaya ta da hasken lesa har ta kusa daina motsi, sannan a lallaɓa ta ta yi lissafi. Ƙwaya ɗaya, jama'a! Sai bayan shekara 20 aka kafa IonQ, a 2015. Ku nuna mini attajirin da zai shekara 20 yana biyan albashin mutanen da suka zuba wa ƙwayar zarra ido, ba riba ba labarin riba. Ko uwar kuɗinsa ba zai gani ba.

Na san me za a ce. Ai masu zuba jari ma sun sa kuɗinsu. To, sun sa, bayan tuwo ya nuna an fara kwasa. Za a kuma ce ai har yau kwamfutar ba ta yi wa talaka komai ba. Shi ya sa ma sai da kuɗin gwamnati, Malam, ka ba ni hujjata da bakinka.

Tsakani da Allah, ba wai ina jin haushin yaran nan ba ne. Sun yi karatu, sun yi haƙuri, Allah ya yi musu buɗi. Wanda nake tausayawa shi ne mai biyan haraji a Ingila, wanda ya yi noma da shara, ranar girbi kuma buhunan suka haye teku. Haka DeepMind, kamfanin ƙirƙirarriyar basira na Ingila, ya tafi hannun Google a 2014. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, a yi wa mutum wannan sannan wani ya zauna da wayarsa ya ce ai bai taɓuka komai ba.

Af, tunda an taɓo kwantom: wannan na'urar da masu tallan maganin ƙarin lafiya ke yawo da ita suna kiranta da sunan kwantom, a ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe minti ɗaya kwamfuta ta zayyano maka cuta goma sha, ba ruwanta da wannan zance. An gwada gwaggona da ita bara, wai tana da ciwon hanta da na ƙoda, aka haɗo ta da robobin magani har huɗu. Ni ma na karɓi ƙarfen na riƙe da bakin rigata, hannuna bai ko taɓa shi ba, aka ce ina da olsa.