Dattijon da ya fara koyon jita bayan ritaya, da Fatihata

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena.

Akwai wani dattijo da muka daɗe muna aiki tare, ba musulmi ba ne. Wata biyu da yin ritayarsa ya sayi jita, ya ce shi kiɗan buluz zai koya. Mutumin da bai taɓa taɓa tsirkiya ba tun da aka haife shi, ga furfura ta gama kai, ga yatsu sun fara ƙagewa. Dariya na yi masa, in faɗi gaskiya.

Kafin wani ya riga ni: na san maganganun malamai a kan kayan kiɗa, da yawansu sun hana, kuma ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Ban ce kowa ya je ya sayi jita ba. Abin da na gani a wurin mutumin nan ne ya hana ni barci.

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya taso a ƙarshen ƙarni na 19, musamman a gonakin auduga na yankin kogin Misisipi. Ginin sa ba shi da yawa: zagaye ɗaya gaɓa 12, kamun yatsu iri 3 kawai ake juyawa a kan tsirkiya 6. Mawaƙi ya faɗi baiti, ya sake faɗinsa, na uku ya zo ya amsa. Mai sauraro sai ya ɗauka wasan yara ne. Amma dattijon nan ya yi makonni bai iya sauya kamu ɗaya zuwa wani ba tare da kiɗan ya tsinke ba. Tsirkiyar ƙarfe ce, tana cin kan yatsa, kuma ba ta da magani sai a ci gaba da dannawa har fata ta yi kanta. Ya nuna min yatsun hagunsa, duk sun yi layi-layi. Minti 20 kullum da safe, ya ce, ko jiki na so ko ba ya so. Abin da ya fi ba ni mamaki, mai koya masa sa'ar jikansa ne. Yaron ya ce masa "ba haka ba ne, sake", shi kuma ya sake, ba tsaki, ba ɓata rai.

Da na tsokane shi cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ya ba ni labarin Mississippi John Hurt, wanda aka ɗauki kiɗansa a faifai a 1928, kasuwa ba ta karɓa ba, ya koma aikin gona shekara 35, sai a 1963 aka nemo shi yana da wajen shekara 70, duniya ta san shi. Ya gama ya ce da ni: "To kai fa, me kake koyo yanzu?"

Na yi shiru. Shekaru nawa ina sallah, ina jan iyalina limanci a gida, ban taɓa zama gaban malami ya saurari Fatihata ba tun da na bar allo. Ba lokaci na rasa ba. Dā ina fakewa da aiki, yanzu aikin ya sake ni, ban je ba. Abin da ke hana ni, kuma na tabbata shi ke hana da yawanmu, shi ne kada a ga babban mutum yana in'ina a gaban yaro. Mun sa masa suna kunya. Girman kai ne sanye da rigar kunya, kuma Shaiɗan ya fi kowa iya ɗinka irin wannan riga.

Allah ya tsare ni da kwatanta Littafinsa da kiɗa. Himmar nake kwatantawa. Mutum ya yarda ya koma ɗan koyo, ya jure ciwon yatsa da gyaran yaro, don abin da iyakarsa nishaɗin duniya. Mu kuma an yi mana alkawari a fili. A hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ke karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe a cikinsa, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Wato in'inar nan da muke ɓoyewa, ita kanta ana rubuta mana. Imamu Bukhari ma ya faɗa a babin ilimi cewa sahabbai sun yi karatu da girmansu. Su waye mu?

Ku da kuka ajiye aiki, ku nake wa magana musamman, ina haɗawa da kaina. Hadisin Ibn Abbas ya ce ni'ima biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da sararin lokaci. Sararin ya zo mana yanzu, amma ya zo ne a daidai lokacin da lafiyar ta fara haɗa kayanta. Gwiwa ta fara magana, ido sai da tabarau. Wunin da muke kashewa a latse-latsen waya da hirar wane ya yi wane bai yi ba, minti 20 kawai a cire daga ciki. Aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Ku kuma matasa masu ilimi, idan dattijo ya zo gabanku da Alƙur'ani a hannu, ku san cewa sai da ya yi kokawa da zuciyarsa kafin ya iso. Murmushin raini ɗaya ya isa ya kore shi har abada. Ku kira shi Baba, ku gyara masa a hankali, ban da a bainar jama'a.

Makon jiya na je. Malamin bai kai ɗana na biyu ba. Na karanta Fatiha da ƙarfin gwiwa, ya bar ni har na kai ayar ƙarshe, sannan ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, a yi haƙuri, a ɗan maimaita min waladdallin." Sau 7 na maimaita. Har yanzu harafin bai zauna ba, gobe bayan asuba zan koma.