Dodon da ba ya kisa, da dalilin da ya sa ba na shiga fili sai da shi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daren Asabar da ya wuce, a fadarmu ta unguwar Zariya, an yi wata gardama da ta sa shayi na biyu ya huce a kofi ba a sha ba. Wani ƙanenmu, yaro mai hazaƙa wanda bai daɗe da fara wasan Pokémon na gasa ba, ya leƙa wayata ya ga ayarin da na haɗa, sai ya ce: "Yaya, ai wannan ragwanci ne, ka kawo dodanni biyu da ba su iya kashe ko sauro." Wasu suka goya masa baya, ni kuwa na kasa ba shi cikakkiyar amsa a wurin saboda hayaniya. Shi ya sa na zauna in rubuta ta a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda gasar take. Kowane ɗan wasa yana zuwa da dodanni 6, a nuna wa juna, sannan kowa ya zaɓi 4 da zai shiga da su, kuma biyu-biyu suke tsayawa a fili, dukkansu a mataki na 50. Kowane dodo dabaru 4 kawai yake da su, ga baiwa ɗaya da abu ɗaya da yake riƙewa. Mu nan Maradi yawancinmu ba mu da na'urar Nintendo Switch, don haka a shafin Pokémon Showdown muke bugawa, wanda kyauta ne kuma yana buɗewa a waya idan rezo ya yi kyau. Sunayen da zan ambata su ne na shafin. Wanda ya saba da na Faransanci zai gane cewa Incineroar shi ne Félinferno, Gyarados kuma Léviator.

Abin da sabon ɗan wasa yake ƙirgawa shi ne yawan jinin da bugu ya cire. Abin da ni na koyi ƙirgawa, bayan an sha kayar da ni, shi ne zagaye. Wasan biyu-biyu gajere ne ƙwarai, sau da yawa cikin ƴan zagaye ƙalilan an san mai nasara, kuma a kowane zagaye kana da motsi biyu, abokin karawarka yana da biyu. Duk wanda ya iya lalata motsi ɗaya na abokin karawarsa ba tare da ya yi asarar nasa ba, to ya shiga gaba, ko da kuwa bai taɓa jinin kowa ba. Aikin mai tallafi, wato irin dodon nan da ba ya kisa, ke nan gaba ɗaya: ya saya wa abokinsa zagaye, ya hana wancan ɓangaren nasa.

Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Akwai ruwa, wanda shi ake so ya kai ga sha, akwai kuma waɗanda ke tsalle a gabansa da gefensa suna tare masa masu kawo hari. Idan ruwa ya sha, sunansa yara ke kira, amma ba a taɓa yin ɓangaren da kowa a cikinsa ya ce shi ne ruwa ya kuma ci wasa ba. Ayarin ƙanenmu haka yake, dodanni 6 kowanne ruwa ne, babu ko ɗaya mai tarewa.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru a gasar duniya ta shekarar 2014 a birnin Washington na Amurka. Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, ya ɗauki kofin da ayarin da ke ɗauke da Pachirisu, wani ɗan kurege mai nau'in lantarki wanda bugunsa bai kai ya kawo ba, kuma kafin wannan rana ba a ɗauke shi a bakin komai a manyan gasanni ba. Dabararsa ta farko ita ce wadda wasan ke kira Follow Me, mu kuma muke cewa "ku biyo ni": idan ya yi ta, duk harin da aka auna kan dodo guda sai ya karkato kansa. Abokinsa Gyarados, ƙaton macijin ruwan nan, babu abin da yake tsoro kamar lantarki, shi kuwa kuregen baiwarsa ita ce ya shanye harin lantarki ya mayar da shi jini. Don haka harin da ya kamata ya gama da macijin sai ya zama abincin kuregen, macijin kuma ya samu zagayen da yake buƙata ya yi rawarsa mai ƙara ƙarfi da sauri. Sauran dabarun kuregen uku ma duk hidima ce: ɗaya tana shanye wa abokin gaba jiki ta rage masa sauri, ɗaya tana raba jinin da ya rage masa biyu komai girmansa, ta ƙarshe kuma garkuwa ce ta zagaye guda. A wasan ƙarshe har wani mummunan bugu na Salamence, dodon abokin karawarsu, kuregen ya sha, bai faɗi ba. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Abin da nake so mu lura da shi a wannan labari, wanda sau da yawa ake tsallakewa idan ana ba da shi, shi ne cewa an zaɓi kuregen ne domin wani takamaiman aboki mai takamaiman rauni. Na ga matasa sun ji labarin sun ɗauko Pachirisu sun jefa a ayarin da ba ya buƙatarsa, aka cinye su, suka dawo suna cewa ashe sa'a ce kawai. Ni a ganina tambayar da ake fara yi ita ce, wane ne ruwana, me kuma ke kayar da shi? Sai an amsa wannan sannan a nemi mai tarewa.

Idan matsalar ruwanka ita ce ana riga shi bugu, akwai Whimsicott, ɗan ƙullin audugar nan, wanda baiwarsa ke sa dabarunsa marasa bugu su riga na kowa fita, ya kaɗa iskar baya da ke ninka saurin ɓangarenka har zagaye 4. Idan kuwa ruwanka mai nauyin jiki ne ƙwarai, to a juya lissafin gaba ɗaya da dabarar Trick Room, wadda ke sa mai nawa ya riga mai sauri har zagaye 5. Akwai kuma ba-da-hannu, wanda ke ƙara rabin ƙarfi a kan bugun abokinka a zagayen nan. Waɗannan a bayyane suke, ba sai na daɗe a kansu ba.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Incineroar, damisar nan mai siffar ɗan kokowa, domin tun da aka sake shi da baiwar tsoratarwa a shekarar 2018 ya zama kamar gishiri a ayarin manyan ƴan wasa. Shigowarsa fili kawai tana rage ƙarfin bugun jiki na abokan gaba biyu zuwa kashi biyu cikin uku. A zagayensa na farko yana da mari mai riga kowa, wanda ke hana wanda aka mara motsi a zagayen. Daga nan sai ya yi dabarar da ke rage ƙarfin abokin gaba ta kuma fitar da shi daga fili, wani ya shigo, shi kuma ya dawo daga baya da sabuwar tsoratarwa da sabon mari. Ku ƙirga da kanku motsi nawa aka lalata wa wancan ɓangaren cikin zagaye 3, alhali jinin da aka cire bai taka kara ya karya ba.

Ni kaina a hannun Amoonguss na koyi darasin, wato dodon nan mai kamar laimar kwaɗi. A lokacin zafin bara, muna zaune a waje saboda an ɗauke wuta, wani abokina ya yi mako uku yana cinye ni da shi. Dodon ya watsa garin da ke sa barci, wanda ba ya kuskure, dodona mafi ƙarfi ya kwanta zagaye ɗaya zuwa uku. Idan na auna abokinsa sai ya watsa garin da ke janyo hari kansa. Idan ya ji jiki sai a janye shi, baiwarsa ta mayar masa da kashi ɗaya cikin uku na jininsa. Ina ta ƙara masu bugu a ayarina, ana ta kayar da ni, har ranar da na cire ɗaya daga cikinsu na sa mai tsokana, wato dabarar da ke hana dodo yin komai sai bugu. Daga ranar wasanmu ya zama na kai-da-kai.

Zan yi wa ƙanenmu adalci, domin akwai gaskiya a cikin maganarsa. Mai tallafi yana da ranar da yake zama kaya a ka. Tsokana, wadda wasan ke kira Taunt, tana hana shi duk dabarar da ba bugu ba har zagaye 3, kuma idan ba shi da hari ko ɗaya sai wasan ya tilasta masa wani raunannen bugu da ke cire masa nasa jinin. Garin Amoonguss ba ya kama dodanni masu nau'in ciyawa, ba ya kama mai riƙe da tabarau na kariya. "Ku biyo ni" ba ta janyo harin da ke faɗa wa dodanni biyu a lokaci guda, irin girgizar ƙasa da ruwan duwatsu, duk da cewa irin wannan harin ƙarfinsa yana raguwa zuwa kashi 75 cikin 100 idan ya sami fiye da ɗaya. Marin Incineroar ba ya taɓa nau'in fatalwa, tsoratarwarsa kuma idan ta faɗa kan Kingambit mai baiwar taurin kai ƙarfi take ƙara masa. Mafi muni shi ne ka shiga da masu tallafi uku a cikin huɗu, a kashe ruwanka a zagaye na biyu, ka rage da masu tarewa babu wanda ake tarewa. Saboda haka nake ganin biyu a cikin shida sun wadatar a yawancin ayari, kuma kowane ɗayansu ya kasance yana da aƙalla dabara ɗaya mai cire jini.

Inda ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne kalmar ragwanci. Mai bugu dabararsa a fili take, ka dubi raunin abokin gaba ka danna. Mai tallafi kuwa kowane zagaye sai ka karanta zuciyar wanda ke gabanka: zai kai hari ne ko zai ɗaga garkuwa, zai auna ruwana ne ko ya gane zan janyo harin ya sauya zuwa wanda ke faɗa wa biyu? Idan ka mari wanda ya riga ya ɗaga garkuwa, marin ya tafi a banza, kuma ba za ka sake samunsa ba sai ka fita ka dawo. A gasar hukuma daƙiƙa 45 ake ba ka ka yanke wannan shawara. Ban san wani wuri a wasan da ya fi wannan neman nutsuwa da ƙarfin hali ba, kuma yana yi mini ciwo in ga matasanmu masu kaifin ƙwaƙwalwa suna guje masa don kada a yi musu dariya a fada.

Ƙanena, ga abin da nake roƙonka. Asabar mai zuwa bayan sallar isha'i, idan Allah ya kai mu, ka zo da ayarinka na masu bugu 6 yadda yake, mu buga wasa uku. Bayan nan sai ka cire ɗaya, wanda kai da kanka ka ga ba ka cika shiga da shi ba, ka sa Incineroar ko Amoonguss a gurbinsa, mu sake buga uku. Ni zan zo da ayarin da ka gani a wayata ba tare da na sauya ko dabara ɗaya ba, kuma shayin daren a kaina yake.