A tambayi kwamitin da wakilinku yake ciki

Marubucin da ya ce masu zaɓe da yawa ko sunan wakilinsu a majalisar dokoki ba su sani ba ya yi gaskiya. Amma sanin suna bai isa ba, a binciko kwamitin da yake ciki. Can ake ainihin aikin. Da ƙuduri ya tsallake karatu na biyu, wato matakin muhawara a kansa a zauren majalisa, sai a miƙa wa kwamiti, a saurari jama'a, a bi shi sashe-sashe kafin karatu na uku. Can kuma ake titsiye ministoci kan kasafin kuɗi. Shi ya sa masu auna wakili da yawan surutunsa gaban kyamara suke ba ni mamaki.