An sa wa Baba batirin zuciya yana ta suma, wai ya jira ranar da aka rubuta masa

Dattijo ne daga Kurna. Sati biyar da sa masa batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa a ƙirji don ta daidaita bugun zuciya, ya faɗi sau biyu: ɗaya a ƙofar masallaci bayan Asuba, ɗaya a banɗaki. 'Yarsa ta ɗauko shi a adaidaita sahu zuwa asibiti da kumburarren goshi, suka hau layi tun bakwai, sai sha ɗaya suka isa gaban tebur.

"Sista, don Allah, Baba ne yake suma."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta juya katin. "Ranarku ba ta yi ba."

"Ai faɗuwa yake yi, Sista. Jiya ma..."

"To ba an sa masa batir ba? Me kuma kuke so? Tsufa ne, ku ba shi abinci."

Dattijon ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar nan." Shi aka wulaƙanta, shi ke ba da haƙuri! Ta ture katin da gindin biro, ta kira na gaba.

Wannan magana tana iya kai mutum kabari. Aikin batirin shi ne hana bugun zuciya yin ƙasa, galibi ana saita shi a kan 50 ko 60 a minti. Wanda ya suma bayan an sa masa, dole a duba shi a ranar. A makonnin farko wayar da aka zura ta jijiya zuwa cikin zuciya takan goce daga mazauninta, shi ya sa ake hana ɗaga hannun wannan ɓangaren sama da kafaɗa sati huɗu zuwa shida. Wani lokacin wayar na nan daram, amma ƙarfin wutar ya kasa motsa naman zuciya, sai an ƙara. Wani kuma zuciyar ce ke ɓallewa da gudu daga ɗakunanta na ƙasa, abin da batirin yau da kullum ba ya tsayarwa, kuma shi ya fi kisa.

Binciken ma ba wani dogon aiki ba ne. A yi gwajin ECG, wato na tsarin bugun zuciya. A ɗauki hoton ƙirji ta gaba da ta gefe don a ga wayar. A ɗora na'urar karatu a kan batirin, domin yana adana abin da ya faru lokacin faɗuwar. A auna hawan jininsa yana kwance, a sake bayan ya miƙe, cikin minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jini ne ke faɗuwa, kuma a nan ake zargin maganin hawan jini da na sa fitsari, ga zafin Kano da ke haura 40 a watan Afrilu. Mai ciwon suga a duba sugansa. Wanne ne a ciki ya gagari asibiti?

Kafin a samu likita: kada ya miƙe zumbur daga shimfiɗa, ya zauna tukuna. Ya yi fitsari a zaune, kada ya kulle banɗaki. Jiri na zuwa ya kwanta, a ɗaga masa ƙafafu. Ba tuƙi, ba hawa tsani. A ƙirga bugun hannunsa minti ɗaya cur, in ya gaza lambar da aka saita, ko ga ciwon ƙirji ko haki, a wuce ɗakin gaggawa kai tsaye. Kada a ƙara masa gishiri ko a yanke magani ba da sanin likita ba.

Laifin bai tsaya kan mai tebur ba. Kowane kamfanin da ke ƙera batirin, Medtronic ko Abbott ko Biotronik, da tasa na'urar karatun, ta wannan ba ta saita batirin wancan. Wa ya tanadi waɗannan na'urori da masu sarrafa su ga birni mai miliyoyin mutane? Gwamnatin da ke da kuɗin gadar sama ta kasa ware layi guda na masu batirin zuciya? Likitocin zuciya na ficewa daga ƙasar, manya na hawa jirgi su duba nasu a waje. Talaka ya sayar da fili ya sa wa mahaifinsa batir, sannan a ture masa kati da gindin biro, ya koma Kurna yana riƙe da tsoho kada ya sake faɗuwa a hanya.