Garin sitem sel na leda da ake tallata wa marasa lafiyarmu

Tun watan Yunin 2025 da labarin nan ya fito cewa a gwajin da kamfanin Vertex na Amurka ya yi, mutum 10 cikin 12 masu ciwon suga sun daina yi wa kansu allurar insulin shekara guda bayan an saka musu ƙwayoyin da aka raina daga sitem sel, wato ƙwayoyin asali na jiki da suke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyi, masu tallan garin leda a WhatsApp da TikTok suka samu abin da suka daɗe suna nema. Sai ka ga an ɗauko hoton kanun labarin wata jaridar Turawa an manna a sama, a ƙasa kuma ga 'yan ledoji masu sheƙi da lambar waya, wai sitem sel ɗin da duniya take magana a kai ya iso gida, a zuba a ƙarƙashin harshe da safe kafin a karya. Suga, hawan jini, ƙoda, shanyewar ɓarin jiki, sikila, olsa, rashin haihuwa, har da daji, duk leda ɗaya ce take maganinsu. Wannan sata ce da rana tsaka, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne da sunan ilimi na gaskiya ake yinta.

Bari mu fara da abin da aka yi a gwajin da suke ta yaɗawa ɗin, tunda na tabbata yawancin masu tallan ba su karanta ya wuce kanun ba. Mutanen nan masu suga nau'i na ɗaya ne, wato wanda garkuwar jiki take kashe ƙwayoyin da suke samar da insulin tun mutum yana yaro ko matashi, kuma an zaɓo waɗanda sugansu yake faɗuwa ƙasa warwas ba tare da sun ji alama ba. Ƙwayoyin da aka saka musu rayayyu ne, an shafe shekaru ana koyon yadda za a raine su a ɗakin bincike, kuma ta jijiyar da take shiga hanta aka ɗura su a asibiti. Bayan nan dole su ci gaba da shan magungunan danne garkuwar jiki don kar jikin ya kashe baƙin ƙwayoyin, irin waɗanda masu dashen ƙoda suke sha, da duk hatsarin kamuwa da cututtuka da ke tare da su. To kuma mafi yawan masu suga a garuruwanmu nau'i na biyu ne da su, na manya, wanda gwajin bai ma shafe su ba. Ina alaƙar wannan da garin da ake ɗurawa a baki?

Abin dariyar ma shi ne su kansu ledojin ba su ɓoye komai ba, in ka juya bayansu za ka ga an rubuta cewa daga ƙwayoyin tuffa da inibi aka samo su. Tsiro ne. An busar an niƙa an haɗa da ɗan zaƙi. Ƙwayar tuffa ba ta da hanyar da za ta zama ƙwayar ƙodar ɗan Adam ko da a raye take, balle matacciya, kuma ko da a ce na mutum ne na gaske aka zuba a ledar, da zarar ya isa ciki narkar da shi za a yi kamar yadda ake narkar da tsire. Wannan ilimin ɗan sakandare ne, amma za ka ga mai digiri, kai har da ma'aikatan jinya, suna tsaye a ɗakin taro na otal da farar riga suna bayanin yadda garin yake "tada matattun ƙwayoyi".

Ba wai ina cewa binciken sitem sel ƙarya ba ne, a'a. Tun 1998 James Thomson ya iya raina irin waɗannan ƙwayoyi na ɗan Adam a jami'ar Wisconsin, a 2006 kuma Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa za a iya ɗaukar ƙwayar fata a mayar da ita baya ta koma wadda za ta iya zama kowace irin ƙwaya, abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Aiki ne babba wallahi. Amma shekaru wajen ashirin bayan Yamanaka, gwajin cutar karkarwa ta Parkinson da aka yi a Kyoto aka wallafa a 2025 mutum 7 kacal aka yi wa, kuma babban abin da masu binciken suka tsaya a kai shi ne abin bai yi illa mai tsanani ba. Haka masu ilimin suke tafiya, a hankali, da tsoro, suna ƙirga kowane mara lafiya. Maganin sitem sel da ya tabbata ake yinsa yau da gobe a asibitocin duniya kusan guda ɗaya ne babba, dashen ɓargo, kuma cututtukan jini yake magancewa.

Shi ma dashen ɓargon mu da muke fama da sikila ya kamata mu fi kowa sanin nauyinsa. Najeriya ce kan gaba a duniya, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara. Tun 1984 aka gano dashen yana iya raba mutum da sikila, lokacin da aka yi wa wata yarinya a Amurka saboda sankarar jini sai sikilar da take da ita ma ta tafi. A nan gida asibitin koyarwa na jami'ar Benin ya yi na farko a 2011, na Legas wato LUTH tare da gidauniyar sikila ta Najeriya suka fara nasu a 2024. Amma galibi sai an samu ɗan uwa na jini da ɓargonsu ya dace, wanda yawancin yara ba su da shi, sai an ba yaro magani mai ƙarfi irin na masu daji ya kashe ɓargonsa na asali, sai ya yi makonni a killace a ɗaki saboda ko ƙaramar cuta tana iya tafiya da shi, kuma bayan an gama sabon ɓargon yana iya juyowa ya yaƙi jikin, ga barazanar rasa haihuwa. Sabon maganin Casgevy da Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo a Disamba, wanda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara a mayar masa, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Kai kuma wani ya zo ya ce maka ya samo maka wannan a leda, har da garaɓasa in ka sayi kwali uku.

Ko a can inda ake da dokoki masu haƙora sunan nan ya sha cin mutane. A jihar Florida wasu mata uku tsofaffi sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan wani asibitin kuɗi ya yi musu allurar ƙwayoyin kitsen jikinsu a ido a 2015, sun biya da kuɗinsu aka makantar da su. Paolo Macchiarini, likitan da cibiyar Karolinska ta Sweden ta taɓa tinƙaho da shi saboda maƙogwaron roba da ya ce ya lulluɓe da sitem sel, yawancin waɗanda ya yi wa dashen sun mutu, kotu ta yanke masa ɗauri a 2023. In farfesa a Turai zai iya wannan, ina ga wanda jiya-jiya takalma yake sayarwa a status.

Abin da ya sa kasuwar take ci ba wani sirri ba ne, gajiya ce. Ka tambayi duk wanda likita ya ce masa "wannan maganin har ƙarshen rayuwa za ka sha" yadda ya ji. Mu mun saba da ciwon da ake sha wa magani kwana uku ya tafi, zazzaɓi, gudawa, taifot, amma ciwon da sai dai a lallaɓa shi shekara da shekaru, a daina gishiri, a rage tuwo, a je layin asibiti tun asuba duk wata, ga farashin magani ya ninka tun da naira ta faɗi, wannan ba kowa yake iya haƙurinsa ba. Sai ga wani ya zo da murmushi ya ce maganin asibiti danne ciwo kawai yake yi, nasa kuma daga tushe yake tumɓuke shi. Wannan jimlar ita ce gubar, ta fi garin kansa illa. Domin da zarar Hajiya ta yarda an tumɓuke ciwon, sai ta ajiye amlodipine ɗinta na hawan jini ko metformin na suga, hawan jini kuma ba ya sallama, ba ciwo ba zazzaɓi, wata uku wata shida tana cewa ta ji sauƙi har a ɗauki bidiyonta tana ba da shaida, rannan sai a wayi gari baki ya karkace ko ƙafa ta kumbura a ce sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Wannan kashi na biyun ba a ɗaukar bidiyonsa, kuma ba wanda zai ce garin ne, sai a ce kwana ne ya ƙare ko an yi mata jifa.

Kuma tsarin cinikin an gina shi ne yadda ba za ka iya musu ba, don ba baƙo ne yake sayar maka ba. Ƙanwar matarka ce, malamar makarantar yaranka ce, abokin aikinka ne da ya zuba albashinsa ya yi rajista aka ce masa in ya kawo mutum biyu su ma suka kawo biyu-biyu zai samu mota. Shi ma an cuce shi, kaya sun taru masa a ɗaki dole ya nemi mara lafiya a dangi ya sauke masa. Masu cewa ai sana'a ce matasa suke samun na abinci, ba ni da lokacinsu, ɗan fashi ma na abinci yake nema. Masu cewa ai ko bai yi magani ba ba ya cutarwa, su je sashen wankin ƙoda na kowane babban asibiti su faɗi haka. Su kuma masu cewa Turawa da likitoci ne suke ɓoye maganin don kar kasuwarsu ta mutu, to ai garin ma daga waje ake shigo da shi kuma ba kyauta ake rabawa ba.

Sai zancen "ai yana da lambar NAFDAC". Lambar da ake ba irin waɗannan kayan ƙarin abinci da na ganye ba shaida ce ta cewa suna warkar da wata cuta ba, a jikin kwalin ma doka ta sa a rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba, da ƙananan haruffan Turanci da wanda suga ya fara taɓa wa ido ba zai iya gani ba. Hukumar ta san yadda ake amfani da lambarta a yaudari mutane, hukumar kula da tallace-tallace ma ta sani, gidajen rediyon da suke sayar wa waɗannan mutane rabin awa su zo su yi ta lissafo cututtuka su ma sun sani, amma kuɗin fili ya fi musu. Gidan rediyon da zai yi shirin lafiya da likita da safe, da yamma kuma ya ba mai garin leda dama ya rushe duk abin da likitan ya faɗa, ban san sunan da zan kira shi ba.

Wani abin takaicin, abin da yake aiki da gaske yana nan kusa da mu ba mai yi masa talla. A asibitin Malam Aminu Kano aka yi binciken da ya nuna cewa in aka duba gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila da na'ura, aka gano waɗanda suke cikin hatsari aka ɗora su a kan maganin hydroxyurea, ana rage musu shanyewar ɓarin jiki sosai, likitocinmu ne suka yi tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, duniya ta karanta ta yaba. Tsohon magani ne, ba tsada can ba in aka kwatanta, amma iyaye nawa ne a Kano suka taɓa jin sunansa? Gwajin jini kafin aure da Kano ta mayar doka a 2024 zai hana haihuwar masu sikila fiye da duk abin da Casgevy zai warkar a Afirka nan da shekaru masu yawa, in dai ba a mayar da takardar abin saye a bakin asibiti ba. A Damaturu kuma, a cibiyar bincike ta BioRTC ta jami'ar jihar Yobe da Farfesa Mahmoud Bukar Maina yake jagoranta, akwai masu aikin sitem sel na ainihi, irin na hanyar Yamanaka, daga ƙwayoyin mutanenmu, don a fahimci cututtuka a jikin ɗan Afirka maimakon dogaro da na Turawa kullum. Ba su taɓa cewa sun warkar da kowa ba, ba su da leda ba su da garaɓasa, shi ya sa ba ka san da su ba.

Ni dai abin da nake gani, duk tallan da ya haɗa sunan sitem sel da warkar da cuta a abin da ake haɗiya, a hana shi kai tsaye a ci tarar gidan da ya watsa, ma'aikacin lafiyar da aka kama yana sayarwa kuma hukumarsa ta karɓe lasisinsa. Gwamnonin da suke son a ce sun yi wa lafiya aiki su sa maganin hawan jini da na suga da hydroxyurea a asibitocin unguwa a farashin da talaka zai iya, don mutumin da maganinsa yake hannunsa ba ya saurin sauraron mai leda. Malamai ma da suke da mumbari, tunda da yawa daga masu tallan da ayar cewa kowace cuta tana da magani suke buɗe baki, hadisi ne ma ba aya ba amma ko wannan ba su sani ba, ya kamata a ji bakinsu a huɗubar Juma'a.